Babura: Ranar da aka so ciyar da kaza naman kaza

Abin nan da ke tsirowa cikin dare a gindin suri ko a jikin ruɓaɓɓen kututture bayan an kwana ana ruwa, mai kai kamar 'yar laima, sunansa a bakin Bahaushe naman kaza. Wasu kan ce masa laimar kwaɗi. Tun ina yaro nake jin sunan, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da ya haɗa shi da kaza ba, sai da na je Babura a tsakiyar watan Agusta na tarar da wata uwa da ɗanta sun kwana uku ana 'yar tsama a kan ko ya dace a ba kaza naman kaza. Uwar yayata ce, ɗan kuwa shi ne ɗanta na fari, kuma tun kafin in gama shan ruwan baƙunta suka ɗora mini alƙalancin da ban shirya masa ba.

Da hantsi na baro Kano, muka bi hanyar Dambatta, muka karkata ta Kunya, muka ratsa Kanya, tafiyar kusan awa biyu. Duk wanda ya san wannan yanki da rani kaɗai, to rabinsa ya sani. Gero ya fitar da kai, dawa ta kai ƙirjin mutum, gyaɗa da wake sun rufe kunya, ga riɗi da yakuwa a gefen gonaki. Gawo ne kaɗai ya tsaya tsirara a tsakiyar koren, kamar yadda ya saba, domin shi sai damina ta tafi yake yin ganye. Wanda ya bi ta Kazaure ko Roni zai ga duwatsu sun taso suna tare ido, haka ma in ya nausa Gwiwa ta bakin iyakar Katsina, amma ta wajen Babura ƙasa shimfiɗe take, rairayi ne ja-ja mai shanye ruwa nan da nan, irin wanda jihar kanta ta samo sunanta daga gare shi lokacin da aka cire ta daga Kano a 1991.

Babura gari ne na bakin iyaka a masarautar Ringim. In ka wuce shi ka yi arewa sai Baban Mutum, daga nan kuma ka doshi Magarya a ƙasar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar sun haura dubu 200, kuma daga nan ne Muhammadu Badaru Abubakar, wanda ya mulki Jigawa daga 2015 zuwa 2023, ya fito. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a garin, abin da ya ƙara masa baƙi da ɗalibai da masu cin abinci a waje. Inda aka samu baƙi kuwa, mai gasa kaza ya samu ciniki, kuma da wannan lissafi ne Yaya ta mayar da ɗakin ajiyar da ke bayan gidanta akurki.

Kajin gidan gona ne, farare masu nama, waɗanda ake kira buroila. Guda ɗari take zubawa a kowane karo, kwali biyu ke nan na 'yan tsaki da ake ɗaukowa daga nesa, ta hannun dillalan Kano. Da ribarsu take biyan kuɗin makarantar ƙannen yaron, da ita take zubin adashi. Lokacin da na je sun yi mako huɗu, sun fara nauyin jiki, suna kwance a kan dusar katako suna haki. A kan tagar ɗakin na ga ƙananan ledojin magani kala uku, da kuma ƙwayoyin nan da ake kira ja da yalo. Na tambaye ta ko kajin ba su da lafiya ne.

"Lafiyarsu ƙalau," in ji ta. "Don kada su kwanta nake sa musu a ruwa. A zubin da ya wuce goma sha ɗaya na kwashe cikin kwana biyu, kashin jini. Kai da ke Kano ba ka san yadda ake ji ba in an wayi gari an ga jari a miƙe."

Yaron, wanda ke karatun kiwon dabbobi a wata makarantar gaba da sakandare, ya dawo hutu ne da wata magana da ya karanta a wayarsa: wai masana sun gano cewa idan aka busar da naman kaza aka niƙa, aka barbaɗa kaɗan a abincin buroila, yakan gyara musu hanji ya ƙarfafa garkuwar jikinsu, har a rage dogaro da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Bai tsaya wata-wata ba ya bi bayan gari da asuba, ya ciko kwano, ya shanya a kan kwanon rufi. Ita kuwa ta rantse ba za a zuba wa kajinta abin da kwaɗi ke fakewa a ƙarƙashinsa ba. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai dai ta dube ni ta ce, "Ka gaya wa yaron nan." Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, wallahi a rubuce yake."

A daren muka zauna da shi a tsakar gida muka bi rubuce-rubucen ɗaya bayan ɗaya, kuma bayan na koma gida na ƙara bin diddigi. Gaskiyar yaron ita ce maganar tana da tushe. A 2010 wasu masana a ƙasar Girka, ƙarƙashin jagorancin Giannenas, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da farin naman kazan da Turawa ke nomawa, Agaricus bisporus, inda suka zuba giram 10 da giram 20 na garinsa a kowane kilo na abincin buroila, suka ga kajin sun ƙara nauyi kuma namansu ya fi jure lalacewa. A nan gida ma, masu bincike a Vom ta Jihar Filato, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa take tun 1924, sun gwada wani nau'i mai tauri da ke fitowa a jikin matattun itatuwa, Ganoderma lucidum, a kan buroilar da aka sa wa ƙwayar cutar kashin jini, irin wadda ta kashe wa Yaya kaji. Rahoton da Ogbe da abokan aikinsa suka fitar a 2009 ya nuna an samu raguwar ƙwayayen cutar a kashin kajin da aka ba ruwan jiƙonsa.

Dalilin da masana ke bayarwa ba mai wuyar ganewa ba ne. A jikin naman kaza akwai wasu sinadarai, musamman wanda ake kira bita-gulukan, waɗanda cikin kaza ba ya narkar da su gaba ɗaya. Suna isa can ƙarshen hanji su zama abincin ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a wurin, waɗanda in sun yi yawa sukan matse wa masu cutarwa wuri, sannan kuma suna zaburar da garkuwar jiki ta kasance cikin shiri. Wannan shi ne abin da ake fata. Sai dai abin da wayar yaron ba ta nuna masa da manyan baƙaƙe ba shi ne cewa sakamakon gwaje-gwajen bai zo iri ɗaya ba. Akwai inda kaji suka ƙara nauyi, akwai inda ba a ga wani bambanci ba, akwai ma inda suka rage cin abinci da aka cika musu garin. Bambancin nau'in naman kazan, da yawan da aka zuba, da tsaftar akurkin, duk suna sauya labari. Kuma kusan duk gwajin da aka yi da abinci, an yi shi ne da nau'in da aka noma aka san asalinsa, ko wanda masani ya tantance a ɗakin bincike, ba wanda aka tsinto a bayan gari da duku-duku ba.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa masana suka damu da neman abin da zai maye gurbin 'yar ledar maganin da ke kan tagar Yaya? Labarin ya faro ne a Landan a 1928, lokacin da Aleksanda Filemin ya lura cewa wata fumfuna da ta faɗa cikin kwanon gwajinsa ta kashe ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita. Daga nan aka samu fenisilin. Fumfuna kuwa da naman kaza dangi ɗaya ne a wajen masana halitta, ba tsirrai ba ne, ba dabbobi ba. A ƙarshen shekarun 1940 aka gano a Amurka cewa idan ana sa wa kaji irin waɗannan magunguna kaɗan-kaɗan a abinci sukan yi saurin girma, sai abin ya zama al'adar masu kiwo a duniya. Shi kuwa Filemin tun a 1945, da yake karɓar kyautar Nobel, ya yi gargaɗin cewa ba ƙwayar cuta maganin da bai isa ya kashe ta ba koya mata jure shi ne. Hakan kuwa aka yi. Ƙasar Suwidin ta hana sa waɗannan magunguna a abincin dabbobi don saurin girma a 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu daga farkon 2006. Wani babban nazari da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi ƙamari gwargwadon yawan jama'arsa shi ne namu, Afirka ta Yamma.

Ba kiwon kaji ne kaɗai ya jawo wannan ba. Mu kanmu da ke sayen ja da yalo a kanti mu sha kwana biyu mu ajiye muna da namu kason. Amma abin da kaza ta sha har ranar da aka yanka ta, wani abu daga cikinsa kan saura a tsokarta da hantarta, kuma kashin kajin da ake kwasa a kai gona taki yana tafiya da ƙwayoyin da suka riga suka koyi jurewa. A jikin kowace ledar magani akwai inda aka rubuta kwanakin da ya kamata a dakata kafin a yanka. Na nuna wa Yaya wurin, rubutu ne ƙanana da Turanci. Ta ce shekara uku tana kiwo ba wanda ya taɓa karanta mata. Garin tone-tone, in ji masu iya magana, kaza kan tono wuƙar yanka ta, kuma a wannan karon mu masu kiwonta da masu cinta ne ke yin tonon.

Washegari bayan sallar asuba muka fita, ni da yaron da wani dattijo maƙwabcinsu wanda ya shekara fiye da hamsin yana noma a yammacin gari. Raɓa ta jiƙa mana ƙafar wando, rairayin da sanyinsa, ana jin kukan zabi daga cikin gero. Ya kai mu wani tsohon suri a gindin aduwa, ya sa sandarsa ya nuna wasu guda huɗu masu dogon kara da suka huda ƙasa. Waɗannan, in ji shi, tun zamanin iyayensa akwai masu sa su a miya. Masana ma sun san irinsu, domin gara ce ke renonsu a cikin gidanta, tana tauna itace tana shimfiɗa musu, su kuma suna narkar mata da shi, shi ya sa har yau ba a iya noma su a ɗaki ba. Da muka matsa wajen wani juji, sai ga wasu farare tas, sun fi na farko kyan gani. Yaron ya ce irin waɗannan ne suka fi yawa a kwanonsa. Dattijon ya girgiza kai.

"Ɗana, wannan ko akuya ba ta kula shi. Ni da na tsufa a dajin nan guda biyu na sani da zan iya kai wa baki, sauran duk kallo nake. Wa ya gaya maka wanda ka ɗebo?"

"Baba, a hoto na gani, sun yi kama."

"Kama da wane ba ta wane."

Maganar dattijon ita ce maganar masana. A cikin dangin naman kaza akwai masu dafin da ke lalata hanta, kuma dafuwa ko shanya ba ta kashe dafin. Mai guba da marar guba kan yi kama har su ruɗi wanda ya karanci fannin. Kaji ɗari da uwa ta tara kuɗinsu da adashi ba wurin gwada sa'a ba ne. A kan hanyarmu ta komawa yaron bai ce uffan ba, da muka isa gida kuwa da kansa ya hau ya sauko da shanyar, ya haƙa rami a bayan danga ya binne.

Da rana, bayan an ci tuwo, na ce ya ɗauko takarda mu yi lissafi, domin ko da an samu nau'in da aka amince da shi, sai an san nawa za a buƙata. Buroila ɗaya kan ci kimanin kilo huɗu da rabi na abinci daga ranar da aka kawo ta zuwa mako shida ko bakwai. Kaji ɗari ke nan za su ci kilo 450, wato buhu 18 na mai kilo 25. Idan za a zuba garin naman kaza kashi ɗaya cikin ɗari, ana buƙatar kilo huɗu da rabi na busasshe. To amma ɗanyen naman kaza kusan kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, don haka sai an samu kilo 45 na ɗanye kafin a fitar da wannan ɗan gari. In kuma kashi biyu za a zuba, kilo 90. Babu surin da zai ba ka wannan a Babura, kuma in aka ce a sayo daga manyan kantunan Abuja ko Legas, inda ake sayar da shi a ƙananan robobi da tsadar da ta fi ta nama, to kuɗin ƙarin zai haɗiye ribar kajin. Abinci dama shi ke cin kusan kashi biyu cikin uku na abin da mai kiwo ke kashewa. Yaya da ke gefe tana tankaɗe ta yi dariyarta ta farko tun zuwana.

Amma lissafin bai ƙare a nan ba, domin akwai nau'in da ake nomawa, kuma abin da yake ci shi ne abin da Babura ke da shi. Wanda ake kira Pleurotus, mai fitowa jere-jere kamar kunnuwa, yana tsirowa a kan karan dawa, karan masara, karan shinkafa, ɓawon gyaɗa ko dusar katako. Ana daddatsa karan a jiƙa, a turara shi a cikin ganga don a kashe fumfunar da ba a so, a bar shi ya huce, a cusa a leda tare da irin. Shi kansa irin, a kan ƙwayar dawa ake renonsa a cikin kwalba. A ajiye ledojin a ɗaki mai duhu mako uku zuwa huɗu har su yi fari fat, sannan a tsaga su a riƙa yayyafa ruwa, cikin 'yan kwanaki sai ya ɓullo, a girba, ya sake fitowa sau biyu ko uku. A hannun wanda ya iya, kilo ɗaya na busasshen kara kan ba da rabin kilo ko fiye na ɗanyen naman kaza. Kilo 45 ɗin da muke nema ke nan bai fi ƙarfin 'yan dammunan kara ba. Cibiyar binciken masana'antu ta tarayya da ke Oshodi a Legas da cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan sun daɗe suna koyar da wannan noma.

Matsalar ita ce sararin samaniyar Babura. Naman kaza na son iska mai laima sosai, kashi 80 cikin ɗari ko sama, da zafin da bai wuce awo 30 ba. A nan kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura awo 40, lokacin da kajin kansu ke faɗuwa saboda haki, da hunturu kuma iska kan bushe har leɓe ya tsage. Watannin damina, daga Yuli zuwa Satumba, su ne suka dace da tsirowarsa, amma su ne mafi wuyar shanya, kuma garin da bai bushe sosai ba fumfuna zai yi, ita kuwa fumfunar abinci tana da nata dafin da ke kassara kaji. Da hunturu za ka busar da shi cikin yini biyu, sai dai ba zai tsiro ba sai an yi masa ɗaki na musamman. Na dubi tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara da ke gidan dattijon, mai kaurin bango da sanyin ciki ko da tsakar rana, na ce a raina wataƙila magina na dā sun riga sun yi rabin aikin. Da buhunan algarara jiƙaƙƙu a tagogi da yashi mai laima a ƙasa, irin dabarar randa, mai yiwuwa a ja lokacin noman ya wuce damina. Gwaji ne kaɗai zai tabbatar da hakan.

Sannan kara a Babura ba shara ba ne. Shi ne abincin shanu da tumaki da rani, shi ne danga, shi ne makamashin girki, har tokarsa ana tacewa. Duk wanda zai ɗebi dami don naman kaza sai ya yi ciniki da saniya. Abin da zai sa cinikin ya faɗa shi ne mutum ya fara cin moriyar abin kafin kaza. A ƙasar Yarabawa da ta Ibo da wasu sassan tsakiyar Najeriya naman kaza kayan miya ne mai daraja, ƙasar Sin kuwa ita ke noma mafi yawan wanda duniya ke ci. Idan aka sayar da masu kyau ga otal-otal da kantunan Kano, aka busar da gindin da aka yanke da waɗanda suka karye aka niƙa wa kaji, aka mayar da ragowar karan gona ya zama taki, to garin ya zo kusan a kyauta. A haka ne kawai nake ganin maganar yaron za ta iya zama sana'a a wannan gari, ƙadangare ya sha ruwan kasko albarkacin kaza.

Wa zai yi gwajin? A ganina wannan aikin makarantunmu ne. Ga Jami'ar Fasaha a cikin garin Babura, ga Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga tsangayar aikin gona a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero, ga kuma cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika a Zariya. Tambayoyin ƙanana ne, ɗalibin ajin ƙarshe ma zai iya ɗaukar ɗaya: wane nau'i ne zai jure zafin Jigawa, karan gero ya fi ko na dawa, giram nawa za a zuba a kilo, kuma nawa mai kaji ɗari za ta ci riba ko ta yi asara. Iyayenmu mata sun daɗe suna jiƙa wa kajin Hausa ɓawon maɗaci da barkono a kasko in iska ta kaɗa, yanzu kuma ana ta maganar zogale da tafarnuwa da citta. Duk waɗannan, har da naman kaza, suna jiran wanda zai ɗora su a kan sikeli a ƙasarmu da yanayinmu, ya faɗa wa mata irin Yaya da Hausa wanne ne ke aiki, wanne ne kuma ɓata kuɗi. In ba a yi haka ba, gobe wani zai ƙulla gari a leda ya manna masa hoton kaza ya ce maganin komai ne, kuma za a saya.

Hukuncin da na yanke a tsakar gidan bai ba kowa nasara duka ba. Na ce wa Yaya yaron ya fi ta gaskiya a kan magani: a daina sa shi a ruwa kullum, a ajiye shi sai ciwo ya zo kuma malamin dabbobi ya duba, a kiyaye kwanakin dakatawa kafin a sayar. Abin da zai tsare mata jari shi ne rigakafin Gumboro da Lasota a kan lokaci, da sauya dusar katako in ta jiƙe, domin a cikin danshi ƙwayar kashin jini ke yaɗuwa, da wanke mazubin ruwa, da buɗe wa ɗakin iska, da hana kowa shiga da takalmin waje. Na ce wa yaron ita ma ta fi shi gaskiya a kan kwanon da ya binne, kuma in da gaske yake, ya nemi iri daga inda aka san shi, ya fara da leda goma a ɗakin dattijon. Idan ya samu gari, a zubi na gaba a raba kaji ashirin gida biyu, goma a ba su, goma a hana su, a auna su duk mako a rubuta abin da suka ci. Ta ce ashirin sun yi yawa, sai dai goma, kuma in sun mutu daga kuɗin aljihunsa. Ya ce ya yarda.

Da zan taho ta sa aka kama mini ɗaya daga cikin kajin Hausa da ke kiwo a tsakar gida, ta ce ita wannan ba ta taɓa shan komai ba sai ruwan kasko. Na bar wa yaron kuɗin ƙaramin sikeli da littafin rubutu. A tasha, muna jiran mota ta cika, hadari ya haɗo daga gabas, mai gasa kaji yana ta ƙoƙarin rufe garwashinsa da kwano, ɗalibai biyu na tsaye suna jiran a yanka musu rabi. Ban san abin da kazar da ke kan wayar gashin ta sha ba kafin ta iso nan, su ma ba su sani ba, kuma da wuya shi kansa mai gashin ya sani. Mako biyu bayan haka yaron ya kira ni ya ce an sayar da kajin casa'in da bakwai, kwana goma na ƙarshe ruwa zalla suka sha, kuma dattijon ya share masa ɗakin ƙasan amma ya ce sai an gama girbi za a yi maganar kara. Allah Ya kai mu kakar lafiya.